Kada Ka Ci Wake Kullum Kamar Yadda Na Yi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Mannir.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Katsina lafiya, ka sami ɗakin da aka kama maka yadda kake so. Allah ya sa ka shiga aikin nan a sa'a, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci, ya tsare ka a hanya da masauki. Mu nan Batsari duk lafiya lau. Innarka na gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Da muka raka ka tasha na so in ja ka gefe mu yi magana, amma ka san halina, baki da baki ba na iya doguwar magana da ku. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun mahauci ne.

Tun ranar da likita ya ce maka jininka ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa, sai ka rage ƙiba ko ta halin ƙaƙa, ina lura da kai. Na ga ka yi abin maza, ka bar lemon kwalba, ka bar shayi mai kauri da burodi, ka bar soye-soye. Na ji daɗi. Amma na ga wani abu da ya tayar mini da hankali. Da safe dafaffen wake da kabeji, da rana haka, da daddare haka. A kwanakin ƙarshe kafin ka tafi, kana zama gaban kwanon kamar wanda aka ba magani mai ɗaci, ka yi loma kaɗan ka ture. Na san wannan zaman, domin na yi shi. Na kuma san inda yake kai mutum.

Ka taso ka gan ni da jiki daidai, to ba haka nake ba lokacin da kake goye. Jikin nan naka nawa ne ka ɗauko. Mu mahauta sana'armu a bakinmu take. Kafin a buɗe kasuwa an gasa hanta da kitse an karya. Da hantsi mai waina ta aiko. Da rana a ɗora kai da ƙafa. In an tashi, abin da ya rage a tebur na kitse da kayan ciki ni ke kai shi gida a soya. Na yi teɓa har ba na ganin yatsun ƙafata. Mutane kuwa sai yabo suke, wai Lawal ya ji daɗi, fawa ta karɓe shi. Ni ma har cikin raina ina jin girma ne. Sai da na fara ganin jiri in na sunkuya fiɗa, ƙeyata na sara, sannan na je asibiti. Likitan ya auna ni, ya sake aunawa, ya ce, "Malam Lawal, da ƙafarka ka zo?" Na ce da ƙafata. Ya ce, "To in kana son ka ci gaba da zuwa da ita, sai ka sauke wannan kayan."

Ya yi mini dokoki irin naka. Tuwo kada ya wuce dunƙulen hannuna, mai kaɗan ƙwarai, gishiri kaɗan, ban da kitse, ban da suga, ganye kuwa in cika kwano. A cikin maganarsa ya ambaci wake. To ni wannan waken kaɗai na riƙe. Na dawo gida na ce wa innarka daga yau ba na cin komai sai dafaffen wake, ba mai, ba gishiri, ba yaji. Ta ce, "Kullum?" Na ce kullum. A tunanina, in abinci ya yi daɗi to ba magani ba ne, sai na sha wuya jikin zai san da gaske nake.

Makon farko ina ta cika baki a kasuwa. Mako na biyu ƙamshin waken ya fara tayar mini da zuciya. Daga nan na koma faɗa da kowa a gida ba dalili. Ina yanka wa mutane nama, miyauna na tsinkewa, in koma gida in tarar da kwanon nan yana jirana. Ba a rufa wata ba aka yi suna a Wagini, gidan wani abokin cinikina. Aka kawo waina da miyar taushe, man shanu na yawo a kai, ga soyayyen naman rago. Na ce bari in ɗanɗana ɗaya don kada mai gida ya ji ba daɗi. Mannir, ban san lokacin da na tashi da kwano biyu ba. A kan babur, a hanyar dawowa, na yanke wa kaina hukunci cewa wannan doka ba ta mutane ba ce, ajali kuma na Allah ne. Na koma cin da nake yi, har na wuce inda nake a da.

Abin da nake son ka ɗauka daga nan shi ne, ba yunwa ce ta kayar da ni ba. Cikina cike yake da wake. Bakina ne ya gaji. Mutum yana iya jure ƙaramin kwano shekara da shekaru, amma ba ya iya jure ɗanɗano ɗaya. Wanda ya tsare kansa a kan abinci ɗaya, ranar da ya ɓalle ba ya ɓallewa da kaɗan.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni. Wata ranar kasuwa wani mai mota da lasifika ya tsaya kusa da rumfunanmu, yana ta kirari wai garin maganinsa na narkar da teɓa, ka ci abin da kake so, shi zai yi aikin. Abin da nake son ji ke nan. Na saya a ɓoye, ina damawa a ruwan zafi safe da yamma. Ba abin da yake yi sai gudawa. Cikin ya ɗan saki, na ce aiki ya yi. Ran nan ina tsaye ina sara ƙashi, idona ya rufe, na faɗi da wuƙa a hannu. Tabon da ke babban yatsana na hagu, wanda kuke tambaya kuna yara in ce muku aikin fawa ne, to daga nan na samo shi. Da na farfaɗo na gan ni a asibiti, an ɗaura mini ruwa. Likitan nan bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ruwan jikinka ka zubar, kitsen yana nan inda yake. Saura kaɗan ka taɓa ƙodarka."

A birni za ka gamu da irinsu fiye da nan, har cikin wayarka za su biyo ka, da shayi da ƙwaya da hotunan wai kafin da bayan. Kada ka sa komai a bakinka da sunan rage ƙiba sai likitanka ya gani. Maganin hawan jinin da aka ba ka kuma kada ka daina don ka ji sauƙi, sai shi ya ce ka daina.

Bayan wannan na sake ɗaura niyya, na koma kan waken, na ƙara da tsallake abincin rana. Nan ma kuskure ne, don in magariba ta yi sai in ci na rana da na dare a haɗe. Innarka ta gaji, wata rana ta ajiye kwanon ta zauna, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce, "Malam, likita cewa ya yi ka rage. Ban ji ya ce ka yi wa kanka horo ba. Ka bar ni in riƙa canza maka." Na ce mata ita me ta sani a aikin asibiti. Ta tashi ta fita. Na yi wauta a nan, na kuma ba ta haƙuri daga baya.

Abin da ya buɗe mini ido ya faru ne da damina. Na je Babban Duhu duba wata saniya, ruwa ya tsare ni, rafi ya cika, na kwana biyu gidan yayata, Gwaggonka Tabawa. Ka san ta, har yau da kanta take zuwa gona. Na ce mata ni fa ina kan doka, a dafa mini wake kawai. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Wake sai an girbe. Za ka ci abin da muke ci."

Da rana ta kawo kwaɗon tafasa, da albasa da tumatir da ɗan ƙuli-ƙuli, ta matsa lemon tsami. Na ci ina jin kamar na yi laifi, don ya yi daɗi. Da daddare miyar yakuwa da busasshen kifi, da ɗan tuwon maiwa, miyar ta ninka tuwon. Wayewar gari kunun tsamiya ba suga, da dafaffen zogale. Da rana dambu, wanda ganyen ya fi tsakin yawa. Ban ga kitse ba, ban ga abin da aka tsoma a mai ba, kuma ban tashi da yunwa ko sau ɗaya ba. Na ce, "Yaya, wannan ai kusan abin da likita ya ce ne." Ta ce, "Ni ban san likitanka ba. Abin da Inna ta ciyar da mu ke nan, kai ne ka shiga kasuwa ka manta."

Ban yarda da kaina ba, sai da na koma asibiti na lissafa wa likitan su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duk sun yi, in dai rage ƙuli-ƙulin don yana da mai, in kula da gishiri da dunƙule, tuwon kuma kada ya wuce ƙa'ida. Har ya ce da ma abin da yake nufi ke nan tun farko. Na dawo gida na ce wa innarka ta yi yadda ta ga dama. Daga wannan daminar jikina ya fara sauka, a hankali, ba irin saukar gudawa ba, kuma bai sake hawa ba har yau.

To ga abin da muka koya ni da ita, ka riƙe shi da kyau, tunda yanzu kai za ka riƙa kula da tukunyarka.

Dokar ba ta canzawa, kwanon ba ya ƙara girma. Abin da ke cikinsa ne ke canzawa. Fara da ganye, don shi ne aka sake maka. Zogale yau, gobe rama, jibi alayyafo, sannan yakuwa, lalo, tafasa, ganyen wake, yaɗiya in ka samu. Kowanne da ɗanɗanonsa, wani tsami, wani ɗaci-ɗaci, wani yauƙi. In rani ya yi akwai busassunsu, ga kuka, ga kuɓewa, ga karkashi, ga kayan lambu irin su kabeji da karas da latas da lansir. Kabewa kuma in an dafa ta da attarugu tana cika ciki ba nauyi. Yalo da gauta da gurji ka riƙa ajiyewa a ɗaki, su ne na taunawa in bakinka ya nemi abin motsawa.

Waken nan da ka tsana yanzu ba shi da laifi. Ka bar shi ya huta kwana biyu, sannan ka dawo masa ta wata hanya. A yi alala a turara, da ɗan mai kaɗan. A yi fatensa da alayyafo. A yi miyarsa. A zuba dafaffensa cikin kwaɗo. Hatsi ma haka, kada ka tsaya kan guda. Ɗan tuwon dawa yau, gobe burabuskon gero, wata rana acca. Sai dai ka sani, rogo da dankalin nan namu na Batsari da muke taƙama da su, a wurin likita tuwo ne. Ranar da ka ci su, sun ci gurbin tuwonka, ba ƙari ba ne a kansa.

Da aka rage mini mai da gishiri na ɗauka daɗin abinci ya tafi ke nan. Ashe akwai daddawa, akwai citta da tafarnuwa da masoro da kimba, akwai tsamiya da lemon tsami. Miya ɗaya in ka canza mata kayan ƙamshi sai ta zama wata. Ka sayi kaɗan-kaɗan ka ajiye, ba sa lalacewa.

Nama kuwa bari in yi maka maganar da mahauci ba ya yi wa mai saye. In ka je tebur ka ce tsoka zalla kake so, ta cinya, ka tsaya a yanka a gabanka. In ya ɗauko farin nan zai jefa maka a matsayin gyara, ka ce ka gode, ya bar shi. Gyaran nan kitse ne da muke neman hanyar rabuwa da shi. Hanji da tumbi da ɓargo ka bar wa wasu. In ka dafa nama ka bar romon ya huce, man zai taso ya daskare a sama, ka kwashe ka zubar, sannan ka ɗumama. Wurin mai tsire ka ce a gasa maka tsoka ba a shafa mai ba, a cika maka albasa da tumatir. Kuma ba kullum nama ba. Kifi gasasshe ko na miya, dafaffen ƙwai, kaza an cire fata. Ni da nake sayar da nama, akwai ranakun da ba ya shiga bakina, ban kuma mutu ba.

Akwai wani rami da na faɗa bayan na fara samun sauƙi, ba na son ka faɗa. Da na ji an ce gyaɗa ba ta da laifi, sai na cika aljihu da ita, ina ci tun safe har la'asar. Fura da nono na ce ai abincin gargajiya ne, sai in sha ƙwarya guda. Lokacin mangwaro na zauna gaban tire. Na je awo sikeli bai motsa ba, na fara zargin sikelin. Ma'aikaciyar da ke awon ta tambaye ni abin da nake ci tsakanin abinci, da na faɗa mata sai ta riƙe baki. Canza abinci daban, ƙara abinci daban. Gyaɗa cikin tafin hannu ta isa. Nono tsala ba suga, furar 'yar kaɗan. Gwaiba ko gwanda ko lemo, ɗaya a lokaci guda. Tunda kai da maganar suga, duk wani abu mai zaƙi ka tambayi likitanka ko nawa ya halatta maka. Zoɓo ka dafa da kanka da citta, kada ka sayi na ƙullin leda, sugan da ke ciki ya fi zoɓon yawa.

Na san ba kullum za ka iya girki ba, ga aiki ga gajiya. Ka nemi mai abinci guda ɗaya kusa da ofis, ka gaishe ta da mutunci, ka faɗa mata gaskiya cewa likita ya sa ka doka. Ka ce ta rage tuwo ta ƙara miya, ta ɗebo maka daga ƙasan tukunya inda man bai taru ba. Matan nan in ka girmama su sun fi kowa kula da mutum. Ran Asabar kuma ka shiga kasuwa da kanka ka sayi ganye iri uku ko huɗu, kada ka sayi iri ɗaya da yawa don ya fi araha. In abu ɗaya ne a ɗakin, shi za ka ci har ka tsane shi.

Sai maganar mutane, wadda ta fi ta abincin wuya. Akwai abokina Alhaji Mamman, Allah ya jiƙansa, maƙwabcin teburina. Kullum in an kawo kai da ƙafa sai ya ce, "Haba Lawal, mahauci da cin ganye kamar akuya? Sa hannu, loma ɗaya ba ta kisa." Don kunya sai in sa. Na daɗe ina haka, ina ɓoye dokata kamar wani abin kunya. Ranar da na daure na ce masa, "Alhaji, in kana ƙaunata ka daina yi mini tayi, lafiyata ce," sai ya ce, "Ai ban san abin ya kai haka ba." Daga ranar shi ke korar masu yi mini tayi. Za a yi walima a ofis, za a yi biki, za a miƙo maka lemon kwalba da soyayyar shinkafa. Kada ka ƙi zuwa, zumunci wajibi ne. Ka ci abinka a gida kafin ka fita, ka zauna cikin mutane, ka ɗauki tsoka ɗaya da ruwa, ka yi godiya. Wanda ya matsa, ka faɗa masa gaskiya sau ɗaya, ba tare da ɓata rai ba.

In kuma wata rana ka zame, ka ci abin da bai kamata ba, to ka zame ke nan, ba ka mutu ba. Kada ka ce tunda na ɓata yau bari in ƙarasa makon. Abinci na gaba ka koma kan hanya, shi ke nan.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa ɗayanku ba. Lokacin da kakarka ta rasu, ina cikin ƙibar nan, ban daɗe da watsar da doka ba. Aka yi mata salla a ƙofar gida, aka ɗauki makara. Na sa kafaɗata kamar kowane ɗa. Ba mu wuce bakin masallaci ba numfashina ya sarƙe, wani ya karɓe ni. Jama'a suka yi gaba, ni na zauna gindin wata bishiya ina haki kamar wanda aka koro. Wani yaron maƙwabta ya ɗauko ni a babur. Kafin mu isa har an sa ta, an fara mayar da ƙasa. Uwata, wadda ta goya ni, ban iya raka ta da ƙafata ba, kuma ba ciwon da ya hana ni sai abin da na ci da hannuna. Duk ranar da bakina ya so ya rinjaye ni, wannan zaman nake tunawa.

Rai da ajali na Allah ne, ba wanda ya san wanda zai riga wani. Amma in ya ƙaddara ni zan riga ka, kamar yadda nake roƙonsa, ina son kafaɗarka ta kasance a ƙarƙashin makarata tun daga ƙofar gida har bakin kabari, da ƙarfinka, ba mai karɓarka. Wannan nake nema a wurinka. Ka fara, kuma na ga kana iyawa. Kada ka bari kwanon wake ya kayar da kai.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a abin da za ka ci da abin da za ka samu. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, ya tsare mana garuruwanmu, ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka riƙa kiran innarka, ita ce za ta faɗa maka yadda ake haɗa kowace miya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Lawal